Daga Taƙi zuwa Taku Ɗari

Saja Ladan ya ɗaura mini shi a goshin kwalkwali
daren da muka sauka Goronyo.
Ya ce, "Modi, wanga madubi ba shi ƙarya,
rowa dai gare shi:
in ya ba ka nesa, ya amshe kusa."

Na sauke shi bisa idanuna,
dare ya koma kore shar,
kamar an jiƙa duniya a ruwan lalle.
Ga Rima can kwance, ga bakin madatsa,
ga tsaki-tsaki na yawo cikin gilashi
kamar gero a faifai.

Zobe ne a bakinsa, mai tauri.
In na murɗa shi har ƙarshe
ina ƙirga ganyen giginya a taku ɗari,
amma tafin hannuna hayaƙi ne,
bakin bindigata inuwa.
In na dawo da shi baya
zanen tafina ya fito rangaɗau,
giginya ta narke, fadama ta zama kunu.

Ganin nan kunya guda ce a gona.
Abin da ke kanta shi ne naka,
na gabanta da na bayanta
sai ka bar wa Allah da kunne.

Dare na tara, sanyi ya sauko,
kwaɗi sun yi shiru.
A aljihuna akwai takardar Kulu,
'yar aji biyu, farkon rubutunta gare ni.
Na san doka. Na murɗa zoben duk da haka,
na kawo ganina taƙi guda daga hanci.
"Baba akuyarmu ta haifu biyu."
Ta juya harafin b, ya ba ni baya.
Na karanta sau uku.

A bayan takardar wani abu ya motsa.

Dunƙule ne kawai, ba kai ba ƙafa,
kore cikin kore, yana tahowa.
Hannun hagu ya kama zobe,
na dama ya san hanyarsa ba da izinina ba.
Na murɗa, na zarce:
Kaza da 'Ya'yanta suka fito tar a sama,
abin da ke ƙasa yana nan dishi-dishi.
Na dawo kaɗan. Mutum ne.
Da dogon abu a kafaɗa.

Taku tamanin. Saba'in.
Yana shiga kunyata, ina ja da ita baya,
yana fita, ina binsa da zobe,
kamar mai auna hatsi da tiya mai huji.

A taku sittin ya tsaya cak a tsakiyar gani.
Gemu. Wando naɗe zuwa gwiwa.
Abin kafaɗar ya lanƙwasa da ya juya,
bindiga kuwa ba ta lanƙwasa.
Mesar injin ban-ruwa ce.
Ya durƙusa, ya taɓa ƙasar albasarsa
kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Na gan shi sarai, har facin rigarsa.
Abin da ban gani ba yatsana ne,
taƙi biyu daga fuskata,
kwance kan kunama, cikin hayaƙi.
Sai da na ɗage madubin
na cire shi da ɗaya hannun.

Da safe a teburin mai shayi
aka ce mini sunansa Arzika,
kamun ruwansa ne ya faɗo tsakar dare.
Ya miƙo mini albasa uku, manya,
ya ce, "Ku kuna gani cikin duhu, an ce."
Na ce, "Wani abin, Baba."

Saja ya tambayi yadda dare ya wuce.
Na ce lafiya.
Na goge gilashi, na cire batir,
na mayar da zoben can ƙarshe, wajen nesa.
Takardar Kulu na ninke ta huɗu.
Sai rana ta fito sosai zan sake buɗewa.